Baƙin Fenti a Lasifikar Yaya

Cunkoson motoci ya riƙe Yaya da Auta, ba gaba ba baya, sai Yaya ya kunna rediyo.

Shekaranjiya da Auta ya ari motar ya karce murfin lasifika, ya fesa baƙin fenti don rufe ɓarnar. Fentin ya shige ciki ya bushe. Yanzu muryar mai labarai kamar daga rijiya take fitowa.

"Auta, kai kana ji sosai?"

"Tangaran, Yaya," ya amsa can ƙasan maƙoshi.

"Me ka ce?"

Yaya ya kashe rediyon, ya daɗe yana kallon sitiyari.

"Shi ke nan. Haka na Baba ya fara. Don Allah kada ka gaya wa Mama kunnena ya soma tafiya."