Kwalin da Babu Hoto

Marlys Tvedt ta ɗora awo a kan kwalin da wani yaro ya manna aikin gasarsa a kai, ta ga ya zarce da faɗin yatsa ɗaya, ta ture shi gefe. Ko kallon yaron ba ta yi ba.

Haka take duk shekara. Tun kafin a haifi yaran nan take shugabar sashen kishin ƙasa a baje kolin gundumarmu, a rumfar da ke tsakanin garken aladu da wurin masu gasa masara. Ita ta rubuta dokokin, ita ke karanta su, ita ke yanke hukunci. Rigarta mai tuta, ɗan kunnenta mai tuta, kai har kek ɗin da take kawowa coci da tuta a kansa. Ranar zaɓe kuwa tana bakin tukunyar kofi tun safe, tana tambayar kowa ko ya jefa ƙuri'a. Hidimar jama'a ba ta barinta ta matsa ko nan da can.

Bana abin nata ya ƙaru. Matar da bara ta ba da lambar yabo ga kwalin da ya ce alƙalai ne ke yin doka, yanzu ita ce ke gyara wa yara kuskure a kan tsarin mulki. Mutane suka ce tsufa ne ya zo mata da karatu. Ko zaman ɗinkin mata na ranar Laraba ta daina zuwa, wai gwiwa.

A ƙarshen tebur akwai kwalin Yesenia Barragán. Ubanta yana aiki a masana'antar yanka talo-talo, ita kuma bana ce shekararta ta ƙarshe a gasar. Wanda ya ci shuɗin ƙyalle, lambar wanda ya zo na ɗaya, shi zai wakilci gunduma a baje kolin jiha, inda jami'o'i ke zuwa neman yaran da za su ɗauki nauyin karatunsu. Yesenia ba ta da wata ƙofa sai wannan.

Kuma aikin nata ya yi. Tun lokacin ƙanƙara take koya wa wata dattijuwa tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa, mako-mako, a teburin girkin gidansu. Ta manna katunan da ta rubuta da hannunta, duk sun yi laushi don juyi. A ƙasa ta rubuta cewa ɗalibar ta ci, za ta yi rantsuwa ranar Juma'a. Alƙalin gasa da aka ɗauko daga wata gunduma har ya ɗaga ƙyallen.

Sai ga Janelle Brekke. Ɗanta ya kawo kwalin tsintar shara a bakin titi, kuma duk garin ya ga uwar ce ta tsince sharar, yaron yana cikin mota yana latsa waya.

“Marlys, ba ke kika ce aikin taimako sai da suna da hoton wanda aka taimaka wa ba?” in ji Janelle. “Ina hoton? Ko dokar tamu ce kawai, ban da 'yan ci-rani?”

Marlys ta gyara tabarau, ta shiga daidaita takardun da dama a daidai suke.

“Madam, matar ce ta roƙe ni kada in sa sunanta,” in ji Yesenia. “Kunya take ji. Kuma an ce mini ba komai idan na bar shi.”

“An ce miki? Wa ya ce miki?” Janelle ta kwashe da dariya. “Ƙila kakarta ce. Ƙila ma babu matar. Su dai ku ba su kwali, su cika shi da labari.”

Yesenia ta juya ta dubi shugabar sashe, tana jira. Kalma ɗaya ta isa, don babu mai ja da Marlys a rumfar nan. Matar da ke iya korar yaro saboda faɗin yatsa ai tana iya cewa ta gamsu.

“Doka doka ce, yarinya,” Marlys ta ce, idonta a kan tebur. “Ɗan ƙasa nagari ba ya neman a yi masa rangwame. Sauke kwalinki.”

Wasu har da tafi, abin takaici. Ɗan Janelle ya karɓi shuɗin ƙyalle da hannun hagu, na dama yana riƙe da waya. Yesenia ta ɓamɓare katunanta ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihu. Sai da ta wuce garken aladu sannan hawaye suka zubo, haushi kamar ya kashe ta.

Ranar Juma'a uwarta ta hana ta zuwa wurin rantsuwar, ta ce wannan mata ba ta cancanci ko gaisuwa ba. Yesenia ta hau bas duk da haka. Ta riga ta yi alkawari, kuma ta san babu wanda zai raka matar, tunda ko 'ya'yanta ba su san an shigo da ita ƙasar nan a goye ba.

Ta zauna a bayan ɗakin kotu. Mutanen Somaliya da na Laos da na Meziko sun cika kujeru, kowa da danginsa da furanni. Aka ɗaga hannu, aka yi rantsuwa, magatakarda ya fara kiran sababbin 'yan ƙasa su karɓi takardarsu. Can a gefe wata dattijuwa ta miƙe ita kaɗai, ta ja hula ta rufe rabin fuska, ɗan kunnenta mai tuta yana lilo.

“Daga Kanada,” in ji magatakarda, “Marlys Tvedt.”