Sarƙa ko Taya

Tun da ruwa ya shanye Haɗejiya, maƙabarta ɗaya ce ta rage a kan tudu, kuma da la'asar ake rufe ta. Gawar da ta makara, ruwa ake bai wa.

Barau ya kwantar da gawar mahaifiyarsa a bayan kwaɗo, motar nan mai tafiya a ruwa da tudu. Jatau bakanike ya tsaya riƙe da sarƙar roba, irin wadda tankar yaƙi ke tafiya a kai maimakon taya.

"Zaɓi ɗaya, Barau. Taya tana iyo da sauri, amma taɓo zai riƙe ta. Sarƙa tana cin taɓo, amma a ruwa sai rarrafe."

"Inna ta roƙe ni kada in bar ta ga kifi. Wacce za ta kai ni?"



Barau ya ce a ɗaura sarƙa. Awa uku kwaɗo yana jan ciki, yana karce rufin gidajen da ke ƙasa. Yana hango tudun aka kira la'asar.

Sarƙar ta haye taɓon kamar wasa, ta sauke shi a rufaffiyar ƙofa.

Ya durƙusa gindin katanga yana tono da hannu. Duk ramin da ya tona, ruwa ke riga Inna shiga.