Baba Ya Shiga Rediyo

"Baba, wai wanne ne kai a ciki?" in ji 'yar autarsa, tana jan hannun rigarsa.

Ranar ƙaramar Sallah ce, ana kashi na ƙarshe na wasan yaran da birnin Jidda ya yi wata guda yana saurare a rediyo. Shi mai dafa shayi ne a gidan rediyon, amma tun farkon azumi ya cika unguwarsu ta Bab Makka da labarin an ba shi babban matsayi a wasan. Ga maƙwabta sun cika ɗaki, ga surukarsa a kan darduma, kowa ya kasa kunne.

Sarkin cikin wasan ya yi magana, Baba bai ce shi ne ba. Waziri ya amsa, nan ma haka. Can sai jakin mai ruwa ya ɓarke da kuka, har rediyon na rawa.

Gumi ya karyo wa Baba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga yatsa a hankali.

Yara suka hau tsalle, don duk wasan jakin suka fi so. Surukar ta gyara mayafi, ta dubi 'yarta.

"Halas, ya isa haka, ce masa ya daina jin kunya. Ni tun ranar farko na gane muryar mijinki."