Gambar Iyaka

Da amalanken jaki ya sauke shi a Maijirgi, bai nufi gida ba, gonar mahaifinsa ya nufa. Sai ya tarar da wayar shinge ta kewaye dajin har iyakar ganinsa.

A nan ya taɓa tsayawa, yana jagoran parti na siyasa, ya ce ƙasa ta kowa ce. Da hannunsa ya fara tuge gambar da ke raba gona da gona, samari suka bi, ƙauye ya koma gona guda a hannun kwamitin da ya kafa. Fari ya zo, soja suka karɓi mulki, suka jefa shi gidan kaso. Da furfura ya fito.

Ƙanwarsa ta iske shi riƙe da wayar.

"Ina tamu?" ya tambaye ta.

"Wa ya sani, Yaya? Shekarar yunwa wani attajiri ya zo da hatsi. Da gamba tana nan, da sai ya bi mu gida-gida, kuma Baba ba zai sayar ba. Amma ka riga ka haɗa masa ƙasar wuri guda. Da kwamitinka kaɗai ya zauna, suka sayar masa."

Ya sunkuyar da kai. A gindin wayar gamba ta sake tofowa, tana tsaron iyakar mutum ɗaya.