Injin Gidan Hajiya Wasfiyya

Da safiyar Talata injin ɗumama gidan Hajiya Wasfiyya ya sake yin kukan nan nasa na lalacewa. Rudaina tana jin sa daga tagar kicin ɗinta. Ba ta daɗe da zuwa garin Ajlun ba, daga Aƙaba aka turo ta koyarwa, ta kama haya a gidan da ke jikin na tsohuwar. Amma har ta haddace abin da ke biyo bayan kukan. Kafin ruwan shayinta ya tafasa, wani dattijo mai koɗaɗɗiyar rigar sanyi zai ƙwanƙwasa ƙofar gaba, ya ce mai gyara ne.

Hajiya ba ta buɗe wa namiji ƙofa. Ko mai kawo burodi a kan dakali yake ajiyewa ya tafi. 'Yarta Tahani ma'aikaciyar jinya ce a Irbid, tana fita tun asuba, sai dare take dawowa. Tsakanin nan tsohuwar ita kaɗai ce, sai mai gyara.

Ran nan Rudaina ta shiga kai mata miya ta same su. Hajiya na zaune, ta shimfiɗa tafin ƙafa a kan daɓe mai ɗumi, tana yi masa faɗa.

"Injin nan mijina Muflih ya kafa shi. Shi ya sa aka haƙe lambun nan aka binne bututu. Da sanyi mu sha ɗumin ƙasa, da zafi mu sha sanyinta. Bai taɓa tsayawa ba sai da ka fara sa masa hannu. Bari Muflih ya dawo daga Kuwait, za ka yi bayani."

"A yi haƙuri, Hajiya. Ki ci burodin tukuna. Ni ba na iya aiki mai gida na zaune da yunwa."

Ya tura mata farantin man zaitun da yajin za'atar. Ya buɗe kabad na sama, bai tambayi kowa ba, ya ɗauko sukari. Rudaina ta duba, ba ta ga ya zo da ko sifana ba. Da zai tafi sai ga shi ya fito daga ɗakin kwanan tsohuwar da baƙar leda a hammata.

Washegari ma da leda ya fita. Abin ya tsaya wa Rudaina a rai, domin da haka ne wani mai maganin gargajiya ya riƙa zarya gidan kakarta har ya kwashe mata zinariya. Ta tuntuɓi mai shagon bakin layi. Ya ci gaba da auna shinkafa, ya ce, "Malama, ki kama koyarwarki, ki bar gidan nan yadda kika same shi." Ta fito tana ganin bakinsu ɗaya.

Ranar Alhamis dusar ƙanƙara ta sauka, aka rufe makarantu. Rudaina ta tsaya a tagar bene da waya a hannu, tana ɗaukar hoton bidiyo. Dattijon ya shigo ta ƙofar bayan lambu, da makulli. Ya buɗe ɗan ɗakin da injin yake, ya kama kan bututun da ke fitowa daga ƙasa ya murɗe shi. Ya tsaya cikin sanyi yana hura hannu har kukan ya tashi a cikin gida, sannan ya zagaya gaba ya ƙwanƙwasa.

Ta bar shi ya shiga, ya daɗe, kafin ta bi shi. Ta tarar ya fito da ledarsa, yana jera wa Hajiya ƙwayoyin magani a gefen faranti.

"Inna, dubi mai gyaran naki," in ji Rudaina, ta miƙa mata wayar.

Fuskar dattijon ta sauya. "'Yata, don Allah mu yi magana a waje."

"A nan za mu yi ta, Baba. A ranar ƙanƙara kake kashe wa tsohuwa ɗumi, ba ka ji tsoron Allah ba?"

Ta fizge ledar ta zazzage a ƙasa. Babu zinariya. Rigar barcin Hajiya ce da zanen gado, a jiƙe, suna zarni. Rudaina ta saki ledar. Amma Hajiya ta riga ta gama kallon hoton.

"Ashe kai ne. Macuci. Fita min daga gida, kuma kada in ƙara ganin ƙafarka."

Ta kore su duka biyu da sandarta. Suna jin ta tana danna sakata, ta sama da ta ƙasa. Ta taga ana hango burodin da ƙwayoyin, ba a taɓa su ba.

Dattijon ya zagaya baya ya buɗe bututun, kukan ya tsaya. Ya dawo ya zauna a kan dakali cikin ƙanƙara, da jiƙaƙƙun kayan da ya tsinto a cinyarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Tun bara ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ta daina gane mutane. Likita ta kora, liman ta kora. Cikin maza, mai gyara kaɗai take bari ya shiga, a hannunsa kaɗai take cin abinci da rana."

Ya ɗago ya dubi Rudaina.

"Yanzu ki faɗa mini, 'yata, da wane suna zan ƙara shiga wurin matata?"