Wayar Baba Na-Tara

Ƙarfe ɗaya daidai ake kashe injinan masaƙar, kafin ƙarfe ɗaya da minti biyar kuwa Rediyo ya ɗare bencin ɗakin cin abinci ya buɗe tasha. Ba a banza abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan ba. Duk labarin da ya karanto a waya da safe sai ya juye musu shi da rana, ya ƙara gishiri.

An ce masana sun hango alamar ruwa a wata duniya can sama. Rediyo ya ce a taimaka a turo masanan layinsu, tunda famfonsu ya shekara bai ɗiga ba. An ce an ƙera motar da ke tuƙa kanta. Ya ce ina abin mamaki, ai ƙasar ma haka take tafiya ba direba. Sai a yi ta sheƙa dariya, wani har ya ƙware da loma.

Labarin wani minista ne ya jawo masa tsiya. An ce za a kai wa ministan na'ura mai tunani ofishinsa. "Madalla," in ji Rediyo, "ko ba komai ofishin zai samu mai tunani guda ɗaya." Maganar ta yi masa daɗi har ya naɗe ta ya tura wa duk wanda ke da lamba a wayarsa.

Kwana uku a tsakani manaja ya kira shi. Ashe ministan surukin mai masaƙar ne. Manaja ya maimaita masa barkwancin kalma da kalma, ko murmushi babu, sannan ya miƙa masa takardar gargaɗi ta ƙarshe. In aka sake jin irinta, ya nemi wani aikin. Rediyo ya fito yana tuna matarsa da 'ya'ya huɗu. Tsoro ya kama shi, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Ya yanke wa kansa cewa akwai mai kai rahoto a ɗakin nan, kuma muddin bai gano shi ba, aikinsa na hannun mutumin.

Ya fara sa ido. Bai daɗe ba idon ya tsaya kan Baba Na-Tara.

Shekara ashirin da shida dattijon ya yi a kan inji na tara, mafi tsufa da ruri a masaƙar, shi ya sa ake kiransa haka. Ba ya sa baki a hira. Zai zauna kusa da Rediyo, ya ajiye wayarsa a gefen kwano, ya juya bakinta wajen mai magana, ya ƙura mata ido. Sai kowa ya gama dariya sannan tasa ta biyo baya. In ka gaishe shi ta baya, ko waiwaye ba ya yi. Amma da manaja ya shigo, sai ka gan shi a sahun gaba yana kallon bakinsa kamar zai haɗiye maganar.

Rediyo ya haɗa wannan da wancan, ya raɗa wa mutum biyu. Kafin a tashi aiki kowa ya ji.

Washegari ya hau benci kamar kullum, ya fara labarin wani tauraron ɗan'adam da aka ce ya ɓace a sama. Yana tsakiyar magana ya kai hannu ya fizge wayar Baba Na-Tara. Ga maganarsa nan kaf a kan gilashin, da manyan baƙaƙe, ba abin da ya faɗi ƙasa.

"Kun gani?" in ji shi, ya ɗaga ta sama. Suna kallo wayar ta rubuta: Kun gani?

Baba Na-Tara ya miƙe, ya miƙo hannu. "Ɗana, ba ni, don Allah." Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da kima.

"Shekara nawa ka yi kana sayar da mu, Baba?"

Dattijon ya dubi fuskarsa, ya dubi wayar, ya dubi ƙofar da manaja ke shigowa. Kallon ƙofar nan kuwa ya ishe su shaida. Rediyo ya saki wayar cikin durom ɗin ruwan wanke hannu.

Daga ranar ba wanda ya sake zama kusa da dattijon. Ran Alhamis aka kaɗa ƙararrawar haɗari, kowa ya kashe injinsa ban da na tara, wanda ya ci gaba da ruri har ya yayyaga bandir guda na yadi. A ranar aka sallami Baba Na-Tara. Ma'aikata suka ce iyayen gidansa ne suka gama cin moriyarsa suka yar. Hankalin Rediyo ya kwanta, ya sake buɗe tasha.

Ran Litinin wata dattijuwa, matar Baba Na-Tara, ta zo bakin ƙofar masaƙar karɓar kayan mijinta, ta ce a kira mata Rediyo. Ya fito ya ɗaure fuska, ya shirya wa zagi.

"Kai ne Rediyo? Sannu, ɗana. Ba faɗa ya kawo ni ba," in ji ta. "Ya hana mu faɗa wa kowa don kada a kore shi. Tunda an kora, gara ka sani. Shekara biyu ke nan injin nan ya kashe masa kunnuwa, 'yarmu ce ta saka masa abin a waya don ya riƙa karanta barkwancinka yana dariya tare da ku."