Bayan Dutsen Rumawa

"Baba, an kusa rufewa," in ji Dalanda, mai kula da ɗakin duwatsun Rumawa a gidan tarihin garin Kef.

Tsoho Belgasim bai motsa ba. Wata shida ke nan yana zuwa kullum, ya zauna gaban dutse guda har la'asar. Ba mai rako shi, ba mai zuwa ɗaukarsa.

Yau tausayi ya kama ta, ta karanta masa fassarar rubutun da ke jikin dutsen: wani sojan Rum ne ya sassaƙa wa matarsa da ta rasu, ya ce ba ta taɓa ɓata masa rai ba.

"Ashe abin da ya ce ke nan? Ni ban iya karatu ba, 'yata."

"To, me kake zuwa kallo?"

Ya miƙe da ƙyar, ya zura hannu tsakanin dutsen da bango, ya shafa inda ya yi santsi.

"Shekara arba'in yana kife a ƙofar gidanmu, kafin a rushe unguwar. A nan matata marigayiya Mabruka take zama, tana jiran in dawo daga gona. Ku ne kuka jingina shi a baibai."